Yadda Baba Katifa Ya Koyi Iyo

Shagon Baba Katifa yana bakin layinmu, jikin shagon mai gyaran fanka. Ɗaki ɗaya ne, amma rabin aikin a waje ake yin sa: ga soso jingine da bango, mai kauri a baya, siriri a gaba, ga tsohon keken ɗinki na ƙafa, ga doguwar wuƙar da yake yanka soson da ita. Shi kansa gajere ne mai tumbi, furfura ta gama cinye gemunsa, kuma kullum akwai ɓurɓushin soso a girarsa. Yana ɗinka sabuwar katifa, yana sake wa tsohuwa riga. Yakan ce babu gidan da bai san halinsa ba a layin, don da an kawo masa katifa yake gane wa ke mamaye tsakiya, wa ake turawa gefe.

Kowa kuma ya san yana tsoron ruwa. In motar haya za ta hau gada, runtse ido yake yi har sai an ce masa an wuce. Matarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, takan ce ko bokitin wanka ba ya yarda a cika masa.

Bayan unguwarmu akwai wani rami da masu fasa dutse suka bari. Da rani duwatsu ne da ƙura, da damina kuwa sai ya cika ya yi kore, yara su mai da shi wurin wasa. A can ɗana na fari ya rasu, yana shekara tara, da hantsi, ba na gida. Manya sun taru a bakin ramin kafin a samo wanda ya iya ruwa, kuma Baba Katifa ne ya fara isa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Ban ga laifin kowa ba, na kuma gaya masa haka tun ranar da ya zo ta'aziyya.

Bayan damina ta wuce da wasu watanni, ya yi sallama a gidana da la'asar. Ya zauna a bakin kujera, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Malam, ba izini na zo nema ba. Na zo ne kada ka ji a bakin wani. Zan koyi iyo."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Zan koya, in koya wa yaran layin nan kafin ramin ya sake cika."

"Baba, kai da ko gada..."

"Na sani. Ai wanda ya sa ni ma ya sani."

Ya ce tun daga ranar, duk sanda ya zuba ruwan alwala a tafin hannunsa sai ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, cewa ya tashi ya koya. "Ba murya ba ce, ba kuma mafarki ba. Kada ka je ka ce Baba ya fara jin maganganu." Ya yi iya ƙoƙarinsa ya zille. Shi ya tara mazan layi aka kewaye ramin da waya, ba a daɗe ba yara suka yi wa wayar ƙofa ta ƙasa. Ya ɗinka katifu ya kai gidan marayu. Ya bi samari yana roƙo su je su koya, kowa ya ce to, babu wanda ya je.

"Na ce, ya Ubangiji, ga abin da na iya, a karɓi wannan. Sai in ji kamar an karɓa, amma wancan yana nan daram. Ni da nake faɗa da masu taya katifa da araha, sai ga ni ina taya umarnin Allah. Na gaji da cinikin."

Abin da yake so a wurina kaɗan ne. Akwai tafkin koyon iyo a filin wasanni, can ɗaya gefen gari, ni kuma ina da mota. "Ba sai ka shiga ba," in ji shi. "Ka ajiye ni a ƙofa." Na ce to.

Mai kula da tafkin tsohon ma'aikacin kwana-kwana ne, dogo, busasshe, da usur a wuya, ana ce masa Kofur. Da ya ji buƙatar Baba, ya kafa masa sharaɗi. Shi kaɗai ba zai iya sa ido a kan yara da yawa ba, sai da babba a cikin ruwan. Wannan babban kuwa sai ya ƙetare tafkin ta wajen zurfi, daga wannan bango zuwa wancan, bai dafa gefe ba, bai kama gorar ceto ba. In Baba ya yi haka, safiyar Asabar ta yaransa ce. In bai yi ba, babu maganar yara.

Da farko a mota nake jira, labari a hanyar komawa nake ji. Ranar farko ƙafa kawai ya tsoma. Daga baya ya kai gwiwa, ya ce ya ga abin da ya gani. Kofur ya ba shi aikin gida, ya riƙa sa fuska a ruwa yana hura iska. Gwaggo ta tare ni a ƙofar shago ta kai ƙara.

"Malam, ka ga abin da kuka mayar mini da miji? Na shigo na tarar da kansa cikin robar wanke-wankena yana ɓul-ɓul kamar tukunya. Na ce lafiya? Ya ɗago ya ce darasi yake yi."

Wata rana ya fito daga shago da ƙulli a hammata, fuskarsa cike da fara'a, Gwaggo na biye da shi. Ya ce yau kam dole in shiga in gani. Da muka isa na kashe mota na bi su. Ban taɓa ganin tafkin ba sai ranar: ruwa garau, ana hango layukan ƙasa, da benci a gefe ƙarƙashin rumfar kwano.

Ya kwance ƙullin. Riga ce ya ɗinka wa kansa, marar hannu, da soso mafi kyau a shagonsa, ya lulluɓe ta da ledar nan mai ruwan hoda da ake yi wa katifar jarirai, mai zanen agwagi. Ɗinkin ya yi kyau, babu zare ko ɗaya da ya fita.

Kofur ya juya ta, ya latsa. "Baba, ajiye wannan."

"Ɗana, ruwa ka sani. Soso kuwa ka bar mini."

Kofur ya ɗaga kafaɗa, ya ce to ya gwada a wajen da ba zurfi. Baba ya ɗaure rigar, ya sauka, ya ɗage ƙafafu, sai ga shi kuwa yana yawo a saman ruwa. Ya ɗago mana hannu. "Kun gani? Shekara nawa ina wannan sana'a." Ya manta da abu ɗaya, duk inda allurar keke ta bi ta bar huda. Ruwa ya riƙa shiga a hankali, soso ya riƙa sha, Baba ya riƙa yin ƙasa kamar burodi a kofin shayi. Agwagin suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Da ruwa ya kai gemu ya fara salati yana dukan iska.

Kofur ko motsi bai yi ba. "Baba, miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan iyakar ƙirjinsa. Sai da ni da Kofur muka haɗu kafin muka cire masa rigar, don nauyi.

"Kai da kullum ake kawo maka katifar da yara suka jiƙa," in ji Gwaggo, tana share hawayen dariya da bakin mayafi, "yau ne ba ka san soso yana shan ruwa ba?"

Ni ma na yi dariya har sai da na nemi benci. Na daɗe ban yi irinta ba.

A mota, da muka kusa gida, ya ce, "Ka ga, har yanzu cinikin nake yi. Na ce zan shiga, amma da sosona." Daga ranar da gajeren wando kawai yake shiga, ni kuma na daina zama a mota.

Kwanciya rigingine a kan ruwa ya fara iyawa. Kofur ya ce tumbin nan baiwa ce, wasu da kuɗi suke sayen abin da zai ɗaga su haka. Bugun ƙafa ya ba shi wuya, haɗa hannu da numfashi ya fi ba shi wuya. Aiki ya taru a shago, masu katifa suna zuwa suna tarar da ƙofa a rufe. Mai gyaran fanka ya sa masa suna Kifi, in ya hango shi sai ya ce, "Kifi, yau tudu ko ruwa?" Baba ya ce, "Ka gyara fankar da na ba ka tun bara, sannan mu yi magana."

Ana haka hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, ruwa ya fara kwanciya a gindin ramin, aka fara ganin sawun yara a wajen hudar waya. Baba ya ce wa Kofur a yi gwajin. Kofur ya ce bai shirya ba, ya ƙara ko wata guda ne.

"Ni zan iya jira," in ji Baba. "Ramin ne ba zai jira ba."

Ranar gwajin mai gyaran fanka ya rufe shago ya biyo mu, ni da Baba da Gwaggo, wai ya zo ganin yadda ake kamun kifi. Baba ya tsaya a bakin wajen zurfi, yatsun ƙafarsa sun kama siminti, leɓɓansa suna motsi. Ya daɗe a haka.

"Kofur, tsoron fa bai tafi ba."

"To ku shiga tare."

Ya yi bisimilla ya shiga. Iyon nasa ba abin kallo ba ne, dukan ruwa yake yi kamar mai kakkaɓe ƙura daga tsohuwar katifa, amma yana gaba. Kofur yana bin sa ta gefe da doguwar gora. A tsakiya ya kalli ƙasa, ya ga nisanta. Hannu da numfashi suka rabu, ya shaƙi ruwa, kansa ya nutse. Kofur ya miƙa gorar har dab da shi. Hannunsa ya fito, yatsu a buɗe, saura kaɗan ya kama. Na tarar da kaina a tsaye a bakin ruwan.

Sai ya janye hannun, ya mirgina. Tumbin ne ya fara fitowa, sannan gemu. Ya kwanta rigingine yana tari, yana kallon sama, ya ƙi motsi.

"Maigida," in ji Gwaggo, "ba katifa ba ce. Ka taho."

Ya fara buga ƙafa. Ya tafi a karkace, ya bar layinsa, ya ratsa na kusa, har ƙeyarsa ta bugi bango can a kusurwa. Mai gyaran fanka, da ya cire hula ya matse ta a hannu bai sani ba, ya tambaya a hankali ko wannan ya shiga lissafi, tunda da baya ya ƙarasa.

"Cewa na yi ya ƙetare," in ji Kofur. "Ban ce da ciki ko da baya ba." Ya hura usur.

Baba ya rungume bakin tafkin yana haki yana hamdala. Da numfashinsa ya dawo ya nemi matarsa da ido. "Tsohuwa, kin gani?"

"Na gani. Fito kafin ka shanye musu ruwan."

Asabar ta farko yaran ba su da yawa. Iyaye suna son abin, suna kuma tsoro, kowa yana jira ya ga wa zai fara. Ni da matata ba mu yi doguwar magana ba. Da safe na fito na tarar ta shirya 'yarmu, ƙanwar marigayin, ta sa mata tawul a jaka, ita ma ta yafa mayafi. Muka ɗauki Baba da yaran maƙwabta, motar ta cika da surutu.

Kofur ya tsaya a sama da usur. Baba ya sauka har ƙirji, ya karɓi yaran ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan tamu, ya kwantar da ita rigingine a kan tafukan hannunsa.

"Kalli sama, jikata. Cika cikinki da iska, ya yi kamar nawa."

"Ba zai kai ba, Baba."

"Yi iya naki."

Ta cika ciki, ta ware hannuwa, kunnuwanta cikin ruwa. Matata ta riƙe hannun rigata.

"Baba, kada ka sake ni," in ji yarinyar, idonta a sama.

"Ina nan," in ji shi. Ya juyo wajenmu a hankali, ya ɗago mana hannuwansa biyu, ruwa yana ɗiga daga yatsunsa.