Kalar Inabi a Bakin Tafki

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan cinya, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tana tafe gare ku, amma ba ta dawa ba ce, ta gonar inabi ce, kuma da ƙafata na taka ta.

A lokacin ina zaune a Parkchester, wata unguwa a New York, wurin 'yata ta fari, can hawa na sama, inda in ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai jan bulo yana kallon jan bulo. Ni kuwa manomiya ce 'yar manoma, tun ina ƙarama hannuna a ƙasa yake. Sai ga ni a garin da duk gonata ita ce albasa guda a cikin gwangwanin tumatir. Fitata ba ta wuce Fordham Road sayen kuka da daddawa, sai masallaci a Morris Heights ranar Juma'a.

'Yata aikin kula da tsofaffi take yi. Mijinta direban tasi ne, ciwon baya ya kwantar da shi, sai gidan kaf ya koma kan aikinta, da haya da abinci da hidimar jikoki. Ana cikin haka aka haɗa ta da wata tsohuwar Baturiya da aka kawo asibiti aka yi mata aikin ƙugu. Jininsu ya haɗu. Da aka sallami tsohuwar ta ce ba mai bin ta ƙauyensu sai 'yata. Da ta ji kuma 'yata tana da uwa da ke wuni tana kallon bulo, ta ce a taho da ni, ɗakuna sun yi wa gidan yawa.

Muka shiga bas da safe, ba mu sauka ba sai la'asar. Ni da na ɗauka New York duka gini ne, ashe bayanta daji ne da shanu da masara. Ƙauyen yana kan gangare, ƙarƙashinsa tafki siriri mai tsawo, kamar an dangwala yatsa a tuwo an ja. Titi ɗaya ne ya ratsa shi, akwai coci mai farin fenti, da kanti guda da ake sayar da burodi da ƙusa da takalmin ruwa duk wuri ɗaya, da rumfar motar kashe gobara wadda mai kantin ne ke tuƙa ta in ta kama. Daga bayan gidaje har bakin ruwa kuwa inabi ne, layi bayan layi, an ɗaure shi a waya kamar shanya.

Washegari na durƙusa na damƙi ƙasar. Ba ƙasa ba ce, dutse ne mai ɓarewa falle-falle. Na ce wa 'yata, "Tambaye ta, wane mai taurin kai ne ya fara noma a nan?"

Tsohuwa ta yi dariya har ta dafe ƙugu. 'Yata ce ke fassara tsakaninmu, don Turancina bai wuce gaisuwa ba. Ta ce kakannin mijinta ne, daga Jamus suka zo da saiwar inabi a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Suka tsince duwatsu da hannu, su ne katangar nan da ta zagaye gonar. Ta ce inabi ba ya son daɗi, in ya samu ƙasa mai kyau ganye yake yi, sai ya sha wuya yake zaƙi. Tafkin kuma shi ne bargonsu, yana shan zafin rana duk bazara, in sanyi ya shigo ya riƙa huro shi kan gangaren a hankali.

Na ce, "To duk wannan ni'ima, me kuke yi da ita?"

Ta ce giya.

Na ja carbi. Da ta ga fuskata sai ta ce ai an yi zamanin da gwamnati ta hana giya a ƙasar baki ɗaya, mutanen ƙauyen suka koma sayar da inabi a kwando da matse ruwansa a kwalba.

Na ce, "Ashe kun taɓa shiryuwa, me ya mayar da ku?"

'Yata ta ce, "Inna, wannan ba zan fassara ba."

"Fassara, ke aka haifa ko ni?"

Ta fassara. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, daga ranar ta sa aka riƙa ajiye kujerata kusa da tata a baranda.

Mun tarar ana kakar inabi. Ɗan tsohuwar ne ke riƙe da gonar, dogon mutum mai jan gemu, marar yawan magana, kullum idonsa na kan sama yana duba hadari. Ma'aikata suna shiga layi tun da raɓa da almakashi, suna waƙa da yaren Sifen, motoci suna kwashe akwatuna. Ranar da aka gama aka jera tebura a ƙarƙashin bishiya, duk ƙauyen ya fito, aka ci aka yi kiɗa. Ni dai dankali da masara na ci na koma gefe. Washegari ma'aikata suka ɗaure kayansu suka tafi, shi ma ɗan tsohuwa ya loda kwalabe ya nufi birni wurin masu saye, ya ce sai bayan kwanaki. Gona ta yi tsit.

To a garinmu, in mai gona ya kwashe amfaninsa, ya sallami masu aiki, ya juya baya, abin da ya rage a gonar ba nasa ba ne kuma. Na mata ne da marasa gona, shi ake kira kala. Ba a neman izini, ba a godiya, mai gona ma in ya hange ki kau da kai yake yi don kada ki ji kunya. Da kalar gyaɗa na yi zanen sallata na farko.

Sai na fita da safe ina taka gonar, na gangara can ƙasa kusa da katangar dutse. Me zan gani? Layuka cike da inabi, nono-nono, har ya fara yamushewa, an lulluɓe shi da raga an bar shi. Na tsaya na riƙe haɓa. Na ce lallai mutanen nan sun ƙoshi, wannan duka kala? Ragar ba ta dame ni ba, na ce ta tsuntsaye ce, ni kuwa ba tsuntsuwa ba ce. Na ɗanɗana guda, zaƙinsa ya kai mini har kunne. A raina na ce ga alheri biyu, ga kala, ga kuma inabin da na ƙwato daga zama giya.

Na kwance ragar ta ƙasa, na cika kwandon wanki. Ban mayar da ɗaurin ba, don a ganina an gama da ita. Na dafa shi kamar zoɓo, da citta da kanumfari, ko sukari bai nema ba. Tsohuwa, wadda likita ya hana giya saboda magani, ta kurɓa ta lumshe ido ta miƙo kofi a ƙara. 'Yata ta ɗauka ragowar akwatunan kicin ne. Haka na riƙa yi kowace safiya, ina bin layi a natse, tsohuwa tana taga da bargo a ƙafa tana ɗaga mini hannu.

Ranar da ɗanta ya dawo muna kicin. Ya shigo ko takalmi bai cire ba, fuskarsa ta yi kalar gemunsa, yana magana ƙasa-ƙasa. Na ga 'yata ta ajiye cokali ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Me yake cewa?"

Ta ce, "Inna, a ina kike samo inabin nan?"

"Kala. Can ƙasa wajen katanga."

Ta zauna a kujera ta yi mini bayani. Ashe ba mantuwa aka yi da shi ba. Da gangan ake barin layukan nan har sanyi ya kai inda inabin zai daskare a jikin kurangarsa ya zama kamar tsakuwa, sannan a tsinke a matse shi a daskare, ɗan abin da ya ɗigo shi ne mafi daraja a duk abin da gonar ke fitarwa. Shekara guda ɗan tsohuwa yana lallaɓa su. Abin da na ɗiba ma bai kai ɓarnar tsuntsaye ba, don duk inda na bar raga a kwance sun shiga sun yi biki. Ya ce zai kira kamfanin da ya turo 'yata a kawo wata, ba zai iya da baƙin da ke shiga gona ba izini ba.

'Yata ba ta yi kuka ba, ta dai kalli ƙasa. Ni na san abin da take gani a ƙasan, mijinta a kwance da yara a Parkchester.

Na gyara mayafi na ce, "Gaya masa a garinmu abin da aka bari bayan an sallami ma'aikata na mai tsinta ne. Ban yi sata ba, kuma ba zan ce na yi ba. Amma ragar da na bari a buɗe, wannan tawa ce, ni zan tsare abin da ya saura. Ke kuma ba ruwanki, kada ya haɗa da ke."

Ta yi masa magana doguwa mai laushi. Na ce, "Nawa bai kai haka tsawo ba, me kika ƙara?"

"Na sa masa man shanu, Inna."

Sai tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce tun ranar farko tana kallona ta taga, ta san abin da nake yi, kuma ita ta fi kowa sha. Ta ce a zamanin surukarta, in an gama kaka ana kaɗa ƙararrawar coci, matan da ba su da gona su shiga da kwanduna, ba mai ce musu kanzil. Wannan na daskararren inabi shi ne baƙo a ƙauyen, ba kala ba. Ɗan ya ce ƙararrawa ba za ta mayar masa da inabinsa ba. Ya fita, bai ce ya fasa kiran kamfani ba, bai kuma kira ba.

Ni kuwa na shiga aiki. Na ɗinke ragar da zare, na bi kwandon shara na tara gwangwanaye, na zuba musu tsakuwa, na jera su a igiya daga wannan kan layi zuwa wancan, yadda muke tsaron gero. Tsohuwa ta ba ni rigar sanyin marigayi mijinta, na ɗora a kan zannuwana, na sa takalmin ruwa, na zauna a kan katanga da bakin igiya a hannu. Tsuntsayen wasu baƙaƙe ne masu ɗigo-ɗigo, suna zuwa kamar hayaƙi. In sun sauko in ja igiya, gona ta ɗauki kwaramniya. Ba a jima ba suka saba da gwangwani, har suna sauka a kan igiyar. Muryata ce dai ba su saba da ita ba, don da Hausa nake zaginsu, har iyayensu.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, ga ni Hajiya ina gadin abin da za a yi giya da shi. Na juya shi na juya, na ce ni ɓarnar hannuna nake gyarawa, kuma abincin jikokina nake tsarewa. Abin da zai yi da inabinsa, shi da Mahaliccinsa. Na yi istigfari na ja igiya.

Mutanen ƙauye suka fara tsayawa da mota a bakin titi suna kallo. Mai kanti ya aiko mini da safar hannu. Matar limamin cocinsu ta zo ta karɓi igiya ta ja, ta ce in koya mata abin da nake faɗa wa tsuntsayen, na ce wannan ba na bakin matar malami ba ne.

Wata safiya da ciyawa ta yi fari fat, sai ga ɗan tsohuwa ya gangaro da kofi biyu na shayi. Ya miƙo mini ɗaya, ya zauna a kan katanga. Tsuntsaye suka taso, na ja igiya na bi su da baki. Ya saurara, ya buɗe baki ya maimaita abin da na ce, da muryarsa mai kauri, bai san uwar wa ya ambata ba. Dariya ta kama ni har shayi ya zube. Shi ma ya yi, karo na farko da na ga haƙoransa. Da rana ya shiga kicin ya ce wa 'yata ta gaya wa kamfani za a riƙe ta har bayan hunturu, in ta yarda har gaba da haka.

Sanyin da yake jira ya zo, suka tsinke abin da ya saura, ya ce ya fi abin da ya zata. Ban je wurin matsewa ba, ban kuma tambaya ba.

To ga inda kowa ya ƙare. 'Yata ta zauna da tsohuwa shekaru, tana zuwa gida ƙarshen mako, har mijinta ya miƙe ya koma kan sitiyari. Tsohuwa ta rasu a ɗakinta tana fuskantar tafki, hannunta cikin na 'yata. Kafin nan ta sa ɗanta ya yi alkawarin layin ƙarshe na jikin katanga ba za a sa masa raga ba, na masu tsinta ne, kuma an ce har ƙararrawa suke kaɗawa. Shi ɗan ya yi furfura a gemu, duk kaka yana aiko mini da kwalin inabi har Parkchester, in dafa da citta in kai wa matan masallaci. Tsuntsaye suna nan, an ce jikokinsu ma sun ji Hausa. Ni kuwa ga ni gabanku, gwiwa ta ƙi, albasata tana gwangwani, kuma har gobe in an tambaye ni, kala na yi. Nan ta tsaya, ku ɗauki wayoyinku.