Husufin da Yaya Gombo Ya Jira

Yayana Gombosuren, wanda kowa ke kira Gombo, bai taɓa iya kiwo ba. Mu biyar aka haifa a kwarin Tsenher, ni Yanjin ce auta, kuma shi kaɗai ne a cikinmu in aka tura shi bin tumaki sai ya dawo da labarin gajimare, tumakin kuwa suna can bayan wani tudu. Babanmu ya yi faɗa har ya gaji. Da aka kai shi makarantar kwana a garin gunduma sai ya zamana can ne wurinsa. Yana gamawa gwamnati ta ɗauke shi aikin duba yanayi a wani ofishi mai ɗaki biyu a bayan gari. Ya leƙa ma'aunin sanyi, ya leƙa na iska, ya buga waya zuwa Hobd, babban garin lardinmu, ya faɗa musu. Shekara goma sha huɗu yana wannan, kuma ban ƙara ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba.

A ofishin ne wani mutumin Rasha da ya zo gyaran na'urori ya gaya masa cewa nan da shekara ashirin da biyu rana za ta yi husufi gaba ɗaya, inuwar kuma za ta ratsa kudu da mu, tafiyar kwana biyu a doki. Har ranar da lokacin ya faɗa masa. Tun daga nan ba mu huta ba. A biki, a wurin sausayar tumaki, ko'ina, sai ya ɗauki kwanon shayi da dunƙulen cuku ya nuna yadda wata ke shiga tsakaninmu da rana. Tsofaffi su ce dodo ne ke haɗiye ta, shi ya sa ake buga tukwane don ya amayar. Ya yi dariya ya ce, “Ku dai ku yi tsawon rai, za ku gani da idonku.”

Sai mulki ya sauya. Aka rufe ofishin, aka raba dabbobin gwamnati, ya tashi da tumaki arba'in, awaki 'yan kaɗan da dawaki uku. Matarsa Dolgor ce ta riƙe gidan. Ita ke tatsa, ita ke sanin rijiyar da ta ƙafe, ita ke cewa gobe a tashi. A hannunta garken ya kai ɗari uku. Shekarar da aka yi mugun sanyin nan da muke kira zud, ƙanƙara ta daskare a kan ciyawa har kofaton doki ba ya fasa ta. Wata rana iska ta kora garken, Dolgor ta bi su, ta dawo da rabinsu da kuma tari a ƙirji. Ba ta ga fitowar ciyawa ba. Tumaki goma sha ɗaya suka rage. Ɗansu ɗaya tilo, Sambu, ya tafi Ulanbatar, babban birnin ƙasarmu, aikin gini, shi kuma Yaya Gombo ya kafa tantinsa kusa da namu.

Mijina Purebjab ba mugu ba ne, amma yana da baki. Kullum da safe in ya gan shi sai ya ce, “Malamin sama, yau me gajimare suka ce? Ko sun gaya maka inda akuyarka ta kwana?”

“Sun ce ka rage shan nonon goɗiya, doki ya fara kuka da kai,” in ji Yaya.

Ni na fara lura da idonsa. In na miƙa masa shayi sai hannunsa ya wuce gefen kwanon. Na dube shi a hasken ƙofa, na ga wata yanar ido ta rufe baƙin idon hagu fari fat, na dama ma ya soma. Likita a Hobd ya ce sai an je babban birni an yi aiki, kuma kada a ɓata lokaci. Saura shekara biyu husufin a lokacin. Yaya ya ƙi.

“In suka taɓa suka ƙarasa ɗan abin da ya rage fa? A bari ya wuce. Washegari ma ku kai ni, su ƙwaƙule duka in sun so.”

Na roƙe shi, Sambu ya roƙe shi ta waya. Ko gezau.

Da bazarar husufin ta zo, motocin baƙi suka fara wucewa ta kwarinmu suna tambayar hanyar kudu. Purebjab ya ce ba zai bar yankan ciyawa don kallon duhu ba, duhun da yake samu kyauta kowace rana. Ni na ɗaura sirdi. Na riƙe linzamin dokin Yaya a hannuna muka kama hanya, domin a lokacin ba ya bambance rami da inuwa. Duk tafiyar bakinsa bai rufe ba. Ya ce tsuntsaye za su yi tsit, iska za ta yi sanyi, taurari za su fito, zoben haske kuma zai kewaye rana. Ya ce minti biyu ne kawai, kada in tsaya gyaran ɗankwali. Muka yada zango a tantin wasu mutane da ba mu sani ba, suka ba mu shayin madara mai gishiri da naman rago, ya ɗauki kwanonsu ya yi musu darasin nan nasa. Matar gidan ta saurara tsaf, sannan ta ce ita dai ta riga ta ware tukunyar da za ta buga.

Wurin wani fili ne mai tsakuwa a gindin dutse. Baƙi sun fi ɗari, da ƙananan tantuna masu launi da na'urori a kan ƙafafu uku. Makiyayan yankin suka tsaya gefe da dawakansu. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Yaya ya sa rigarsa shuɗiya ta biki wadda Dolgor ta ɗinka masa, ya ɗaure ta da sabuwar ɗamara.

Wata tsohuwa 'yar Japan ta gan mu, ta aiko tafintarsu da tabarau biyu na kwali masu baƙin gilashi. Tafintar, wata budurwa 'yar birni, ta ce, “Baba, kada ka kalli rana sai da wannan.” Da la'asar aka fara ihu wai an soma. Na sa nawa, na ga an gutsure gefen rana kamar an ciji gurasa. Yaya ya sa nasa, ya juya kai dama, ya juya hagu.

“Yanjin, ina take?”

Na kama haɓarsa na saita shi. Ya ƙura ido ta cikin tabaran.

“Babu komai. Duhu ne kawai.”

Ya cire tabaran ya buɗe idon dama ya zuba wa rana. Na ce, “Yaya, don girman iyayenmu ka mayar.” Ya ture hannuna. Hawaye na zuba, yana kallo, ya ce yana ganin wani haske kamar fitila a bayan zane, amma ba shi da gefe balle ya ga inda aka ci. Haka ya yi ta yi kusan sa'a guda, in na rufe masa ido ya fizge.

Sai haske ya koma wani iri, kamar na tsohon hoto. Sanyi ya taso. Karnuka suka kama haushi, dawaki na tirjiya, can gefe matan makiyaya suka fara buga tukwane. Yaya ya damƙe hannuna har ya yi mini ciwo.

“Yanzu ne. Cire tabaran ki duba. Ke ce idona, faɗa mini duk abin da kika gani.”

Na cire. Na ga wata inuwa ta taho daga yamma a guje tana cinye duwatsu, ta nufo mu. Shekara ashirin ina jin bayanin kwano da cuku, amma a wannan lokacin ko kalma ɗaya ban tuna ba. Na durƙusa na tusa fuskata cikin hannun riga ina karanta addu'ar da innarmu ke yi in an yi tsawa. Ina jin baƙi na ihu, wasu na kuka, ina jin Yaya a samana yana cewa, “Me kika gani? Yanjin, yi magana mana!”

Na ce, “Ga shi nan. Ya rufe duka.”

“Zoben fa? Akwai zobe?”

“Akwai.”

“Wane launi?”

“Ja,” na ce, fuskata na cikin riga. “Ja kamar garwashi.”

“Taurari?”

“Da yawa, Yaya. Ba su ƙirguwa.”

Kafin in sami ƙarfin ɗaga kai, haske ya dawo.

Muna ɗaura sirdi tafintar nan ta zo yi mana sallama, idonta jawur don kuka. Ta ce, “Baba, ka gani kuwa? Fari sol, kamar an watsa madara a kewaye! Ga taurari biyu a gefe.” Yaya ya ce mata ya gani, ya yi kyau, ta gaida tsohuwar.

Yini guda muka yi muna tafiya. Sai da muka tsaya shayar da dawaki a wani rafi ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Ja kika ce.”

Na sunkuya ina gyara linzamin dokina.

“Ba laifinki ba ne. Da Dolgor ce ma tukunya za ta buga.”

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Da muka isa gida Purebjab ya fito da shirin tsokana, ya dubi fuskokinmu, ya karɓi linzami ya wuce da dawakin.

Da kaka Sambu ya zo ya tafi da shi birni. Likitoci suka ce idon hagu ya daɗe da mutuwa a ƙarƙashin yanar, da an zo shekara biyu baya da wataƙila an cece shi. Na dama suka cire yanar, suka tarar rana ta ƙone tsakiyarsa. Abin da ya rage masa gefe-gefe ne, ya ga motsin mutum amma ba fuskarsa ba. Bai dawo Tsenher ba. Tumakinsa suka shiga cikin namu.

Sau ɗaya na je gaishe shi. Sambu na zaune a unguwar tantuna da ke kan tudun arewacin birni, cikin shingen katako, hayaƙin gawayi ko'ina. Shi da matarsa duk suna fita aiki tun da safe, su bar Yaya da ruwan shayi a gora. Na same shi a bakin gado, ya rame, hannayensa a kan gwiwa. Na kawo masa busasshen cuku da man shanu. Ya tambayi lafiyar Purebjab, ya tambayi baƙin dokinsa, na ce yana nan ya yi ƙiba. Na yi niyyar roƙonsa gafara, tun daga mota nake shirya maganar, amma duk sanda na buɗe baki sai ya tambayi wani abu dabam. Kwana uku na yi na dawo.

Ya rasu a tsakiyar sanyin shekara ta biyu, ciwon huhu. Muna mazaunin hunturu a lokacin, cikin kwazazzabo inda waya ba ta kamawa. Sai da Purebjab ya shiga gari sayen gari da gishiri aka gaya masa, an yi sati biyar da binne shi. Ya dawo ya same ni ina ba 'yan raguna madara a cikin tanti. Ya tsaya a ƙofa da buhu a kafaɗa, ya ce, “Ajiye kwalbar nan, Yanjin, ki zauna.”