Wayar da Kawu Lawwali Bai Jona Ba

Kawu Lawwali ya yi mini ƙarya, ƙaryar nan kuwa ita ta raba ni da makaranta. Na kama sunansa tun yanzu don kada a ce na yi kwana-kwana.

Wata Litinin ce cikin damina, ina aji uku na ƙaramar sakandare, saura mako guda jarrabawa. Ina zaune a unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe wurin Baffa Isa, ƙanen mahaifina, wanda ya ɗauko ni daga Kwadon don in yi karatu. Da safe in ɗebo ruwa, in na taso makaranta in share shagonsa na buga takardu, in goge kwamfuta da busasshen tsumma, in rufe ta da tsohon zanen matarsa. Kwamfutar nan ita kaɗai gare shi, kuma ya fi lallaɓa ta a kan 'ya'yansa. In ba kowa, yakan bar ni in buga sunana in goge. Yara suna langa da ƙwallon tsumma a bayan layi, ni ina nan ina farautar harafi da yatsa ɗaya.

Ranar aka kawo wuta da ƙarfi, muka ji ɗas, sai ƙauri. Akwatin wutar cikinta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, ya ƙone. Baffa ya aika a kira Kawu Lawwali, yayan matarsa. Rediyo da talabijin yake gyarawa, amma unguwa ta sa masa Injiniya, shi ma ya karɓa. Ya zo da wani fawa fak na hannu a leda, ya miƙa mini gwangwanin madara in tara masa noti. Ina tsaye a kansa, da idona na ga ya zare wayoyi huɗu, ya mayar da uku. Ya kunna. Fanka ta juya, farin rubutu ya fito layi uku a kan baƙin gilashi, shi ke nan. Ko me ka danna, ba ta motsi.

Haka muka yi kwana biyu. A kashe a kunna, a kashe a kunna. Ya cire wani siririn falle ya goge shi da abin goge fensir, ya hure ƙura da bakinsa, ya canza kibod, ya cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo ya lasa ya mayar. Har a rana ya sa aka shanya ta, wai sanyin damina ne. Baffa ya yi tofi a kanta. Ba abin da ya canza, layi ukun nan dai. A cikin kwamfutar kuwa akwai tambayoyin jarrabawar wata firamare ta Herwagana. Shugabarsu, Madam Rifkatu, takan zo ta zauna a benci da jakarta a cinya, ba ta faɗa, sai dai ta dubi agogo. Ni ina bakin ƙofa, maganar tana cina. A gidanmu yaro ba ya gyara wa babba, balle surukin gida.

Ran Laraba na kasa daurewa. Na ce, "Kawu, akwai waya ɗaya da ba a mayar ba, can ƙasa."

Ban ga tahowar hannunsa ba, sai dai kunnena ya ɗauki ƙara. Ya ce, "Kai za ka koya mini aiki? Isa, me yaron nan yake zura mata in ba ka nan?" Aka zazzage jakar makarantata a gaban Madam. Sai ga wani disket, faifan kwamfuta, da abokina ya ba ni, wai akwai wasan mota a ciki. Wallahi ban taɓa sa shi ba, ban ma san yadda ake yi ba. Kawu ya ɗaga shi sama ya ce, "Ga cutar nan. Bairos ne, ya cinye komai." Na rantse, na yi kuka, ba wanda ya dube ni.

Ran Juma'a aka sa ni a motar Kwadon da kayana a buhu. Mahaifina ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba zan ƙaryata ƙanena a kan maganar yaro ba. Ga fartanya can." Abokaina suna rubuta jarrabawa, ni ina maimai a gonar masara.

Bayan kaka na haɗu da Madam Rifkatu a kasuwa tana sayen wake. Ta ce, "A'a, ba kai ne yaron shagon nan ba? Ba a mayar da kai ba?" Ashe bayan tafiyata ta kawo wani Bulus daga unguwarsu. Ya leƙa, ya cusa hannu ya jona wayar da ke kai wuta ma'ajiyar takardun, kwamfuta ta tashi. Baffa yana tsaye aka yi. Amma ya aiko in dawo, daidai yake da ya ce yayan matarsa maƙaryaci ne, shi kuwa ba zai iya haɗa ido da surukansa a kan haka ba. Ni aka ga ya fi sauƙi a bari. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba.

Yau Keke Napep nake ja a Gombe. Ina ɗaukar yara da kwamfuta a jakar goyo, suna buɗe ta kamar kwanon abinci, ni kuwa takardar asibiti sai 'yata ta karanta mini. Bara wani tsoho ya tsayar da ni da sanda, ya shiga yana haki. Bai gane ni ba. Na kai shi har ƙofar gidansa, na kashe keken, na juyo.

Na ce, "Kawu, Habu ne, na wajen Baffa Isa. Huɗu ka cire, uku ka mayar, kuma ka sani tun ranar. Ba haƙuri nake nema ba, ba abin da zai yi mini yanzu. Sauka a hankali, akwai kwata."