Abin da Ya Sa Rigunan Fastoci Ke Ɗangalewa

Ku matso in gaya muku sirrin da ya sa rigar kowane fasto a unguwarmu take tsayawa a ƙwauri. Amma ku dakata, sai kun san telan tukuna.

Baba Tela gajere ne, in ya zauna bayan kekensa sai ka rantse keken ke ɗinki shi kaɗai. Tun yana saurayi yake cewa Allah ya kira shi wa'azi. Sau uku yana zana jarabawar makarantar fastoci, sau uku yana faɗuwa. Wani dattijon coci ya ce masa, "Ɗana, Allah ya gama zaɓen nasa tun kafin a kafa duniya. Wanda bai kira ba, ko kukan jini ya yi, bai kira ba."

Shekara talatin ke nan yana ɗinka wa waɗanda aka kira. To ga sirrin: da awon jikinsa yake yanka yadin. In ya gama sai ya rufe ƙofa, ya zura rigar, ya tsaya gaban madubi.

Jiya da hantsi na manna kunne a tagarsa, na ji yana cewa, "Ubangiji, in ba ka zaɓe ni ba, don me ka sa mini son abin?"

Can sai ya yaye labule, muka haɗa ido.

"Ƙanwata," in ji shi, "tunda kunnenki ya fi nawa, kin ji ya amsa?"