Kunnen Ango

Da bakina na jawo wa kaina. Ranar da dangin ango suka zo gidanmu a unguwar Television don a tsayar da ranar bikin autata, an gama maganar abinci da kujeru, sai uwar ango ta ce su za su kai aikin sitika cikin gari, wato waɗanda za a manna wa bokitai da kofunan da za a raba wa baƙi. Tana faɗa tana kallon silin ɗinmu, kamar mai cewa mutanen gidan nan ina suka san irin wannan. Na gyara zama na ce, "Mama, ku bar wannan a hannunmu. A ɗakin nan za a yi shi."

Ta ce, "A ɗakin nan?"

Na ce, "A kan teburin da kika ɗora jakarki."

Babbar 'yata ta taka mini ƙafa. Ita ce mai injin yanka sitika, kuma a lokacin ko sati biyu bai yi a gidan ba. Abu ne kamar dogon burodi. Sai an fara buga hoto a firinta a kan takarda mai gam a bayanta, hoton ya fito da wasu baƙaƙen layuka a kusurwoyi. A manna takardar a wata 'yar tabarmar roba, a tura wa injin. Yana da ɗan ido mai haske da yake bi yana neman baƙaƙen layukan nan, in ya gan su sai wata 'yar wuƙa ta zagaye hoton ta yanke shi. Ni ban san wannan duka ba sa'ad da na buɗe baki. Abin da na sani, 'yata ta ce injin yana yin sitika, kuma uwar ango ta kalli silin ɗina.

Hoton da aka zaɓa na amarya da ango ne sun haɗa kai, wuƙar za ta bi gefen ɗaurin kan amarya ta sauko ta bi kan ango. Ranar Litinin aka fara. Takardar farko ta fito, 'yata ta ɓare ɗaya, sai ta miƙo mini. Na karɓa na duba. Amarya lafiya lau, har ɗan kunnenta. Ango kuwa babu kunnen hagu, an bar shi can manne a takarda. Surukin nawa Allah ya ba shi kunnuwa, ba irin waɗanda za a rasa ɗaya a ce ba a lura ba.

Ta sake, haka. Ta canza wuƙa, haka. Ta kashe kwamfuta ta kunna, ta kalli wasu Turawa a waya suna ta bayani. Ranar Talata takarda uku suka fito daidai, har ta yi rawa, sannan injin ya koma cin kunne. Zuwa Laraba da rana takardun da suka rage ba su fi waɗanda za su ishi bokitan ba, gobe kuma uwar ango za ta taso daga Gonin Gora da bokitan a keke. 'Yata ta ɗauki waya ta ce, "Mama, bari in kira ta kawai su kai gari. Ba mutuwa ba ce."

Na ce, "Ajiye wayar nan. Ni ce zan mutu, ba ke ba."

"To ke za ki yanka da almakashi?"

"Kawo mini duk waɗanda kika yanka, masu kyau da marasa kyau."

Ni ko sunana ban iya rubutawa ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma shekarun ƙarfina duka a masaƙa na yi su a Kakuri, a teburin duba yadi. Yadi yana wucewa a gabana, ni in tsayar da shi in na ga inda launi ya zame daga zanensa. Da sojoji suka koma bariki muka yi ta murna, muna cewa masaƙa za ta farfaɗo, ashe ƙofa za a rufe mana. An sallame ni, amma idon da na samu a can ba wanda ya karɓe shi a bakin get.

Na shimfiɗa takardun a kan gado. Duk marasa kyan gefe ɗaya suka zame, kuma kusan daidai da juna. Na ce a raina wannan wuƙar ba hauka take yi ba, inda aka nuna mata take bi. Na ɗaga masu kyan nan uku na ce, "Waɗannan yaushe kika yanka su?"

"Jiya mana."

"Jiya da wane lokaci?"

"Lokacin da kika ce in je in kwashe shanya."

Hadari ne ya haɗo a lokacin, ɗaki ya yi duhu. Na dubi teburin, ga shi a gindin taga, rana ta faɗo a kan takardar, takardar kuma irin mai ƙyallin nan ce, tana walƙiya kamar sabuwar shadda. A masaƙa in yadi mai ƙyalli ya zo, labule muke saukewa, don haske yana kashe ido ka ga layi inda babu layi.

Na buɗe akwati na ciro baƙin zanen da na ɗaura a makokin babansu. Na sa kujera biyu, ɗaya kowane gefe, na yafa zanen ya rufe injin kamar rumfa.

'Yata ta ce, "Mama, inji ne fa, ba kaza ba ce da za a kife ta yi barci."

Na ce, "Kin ce yana da ido ko ba ki ce ba? Tura takardar."

Muka tsaya muna jin sa yana ƙugi a ƙarƙashin zane. Da ya yi shiru ta zaro takardar, ta sa farce ta ɓare ɗaya. Ga ango da kunnuwansa biyu, har da ɗan farin gefe daidai wa daida. Ta ɓare ta biyu, ta ɓare ta ƙarshen layi. Sai ta tura wata takardar. Ni kuwa na koma kujerata na ce a kawo mini ruwa.

Washegari uwar ango ta iso da bokitanta. Ta tarar da sitikun a jere cikin tire. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido, ta juya ta, ta shafa gefen da yatsa tana neman inda almakashi ya yi gargada. Ta ce, "Wane shago kuka kai?"

Na ɗaga mata gefen zanen. Ta leƙa ta daɗe, sannan ta ce, "Me ya sa aka rufe shi kamar amarya?"

Na ce, "Kunya gare shi, ba ya aiki a gaban baƙi."

Ta yi dariya har ta zauna. A nan ƙasa muka baje, ni da ita, tana goge bokiti ina mannawa. Kafin ta tafi ta ja 'yata gefe, wai matan cocinsu suna da taro, ko za a yi musu irin wannan a kan faranti. Ta yi ƙasa da murya don kada in ji. Na ji.

Marasa kunnen ban yar da ko ɗaya ba. Na manne su a bokitan gidana da robar gishiri da murfin tulu. Bayan biki ango ya zo gaishe ni, na sa aka kawo masa ruwan wanke hannu. Ya ƙura wa bokitin ido, ya shafa gefen kansa, ya ce, "Mama, ina kunnena?"

Na ce, "Yana wurina, ɗana. Ka riƙa jin maganar matarka da wanda ya rage."