Wainar da Alhaji Idi Ya Ture

Ku gafarce ni 'yan uwa, ban saba damun mutane da rubutu ba.

Ɗazu a rumfata ta tashar Mahdiya, Alhaji Idi direba ya ture farantin wainar da ɗiyata Rakiya ta miƙa masa. Ya ce, "Hajiya, an ce hannun nan ɓera yake taɓawa a jami'a. Ko ta bari, ko mu direbobi mu bar rumfarki."

Gaskiya ne. Rakiya tana cikin ɗaliban da ke duba yadda zuciyar ɓera take matsewa ta tura jini, da abin da ke gajiyar da ita. Irin gajiyar nan ce ta kumbura ƙafafun babanta, numfashi ya gagare shi, ya rasu muna kallo.

Na ce, "Alhaji, na karanta babin tsarki tun ina yarinya. Ruwa yana wanke hannu. Allah ya kiyaye hanya."

Na ɗauki wainar na ci a gabansa.

Gobe ma za ta je jami'a, ko da rumfar ta zama ba kowa. Masu ilimi, in na kuskure hukuncin tsarkin, don Allah ku amsa mini da wuri.