Maɓallin da hoton gini ya danne

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato makarantar sakandare, a Sokodé, yarinya ce ni da ba ta haɗa ido da babba, amma ba abin da ke wuce ni. Ranar da aka kai mu ɗakin kwamfuta, abin da na fara gani shi ne hannun baƙon da ya zo daga wata jami'a, sai murza hularsa yake yi. Shi ya haɗa shafin intanet na laburarensu, ya kawo mana mu gwada tunda mu ne ɗaliban gobe. A kwamfuta komai lafiya lau. Amma da na buɗe shafin a ƙaramar wayata ƙarƙashin tebur, sai na ga hoton ginin laburaren ya cika fuskar wayar, ya danne maɓallin neman littafi. Na gani sarai. To, dattijon sa'an babana ne, ga shi tsaye a bayana, kuma a gidanmu na Zango ko gishiri ya yi yawa a miya ba a faɗa gaban mai girki. Sai na rubuta a takardar tambayoyin da aka raba mana cewa shafin ba shi da aibu.

Da hutu na je Dapaong wurin gwaggona da ke kwance. 'Yarta, wadda nake kira yaya, ɗalibar jami'ar nan ce, ta dawo jinya ga jarrabawa ta matso, littafin da take bukata kuma yana shafin. Kwana uku tana danna waya a gindin mangwaro, ba ta ga maɓallin neman littafin ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ba ta zargi shafin ba, kanta ta zarga. Ta ce ita ce baƙauya, gara ta haƙura da karatun. Nan na fashe da kuka na faɗa mata abin da na yi. Ta kira ni malama shiru-shiru, ta ce tunda bakina ya mutu, ai hannuna yana da rai.

Na cika shafi uku da duk abin da na lura: maɓallin, rubutu mai ƙanƙanta, hoton da ke hana shafin buɗewa inda sabis ba ƙarfi. Har zanen fuskar wayar na yi. Na aika wa malaminmu, shi kuma ya tura wa dattijon da ya haɗa shafin. Kafin sati ya zagayo hoton ya koma gefe, yaya ta karanta littafinta, ta kuma ci jarrabawa. Har yau in na buɗe shafin sai na ji kaina ya yi girma.

'Yan'uwana ɗalibai, kunya ado ce, amma in an ce ki gwada abu, shirunki wata ce za ta ɗauki nauyinsa. Da dattijon ya kira ya yi godiya, ya tambayi me zai yi min. Sai na ce, Baba, don Allah in za a sake gwaji, a yi shi da ƙaramar waya, kuma ka jira a waje.